Kafin Ka Rataye Ganye a Bango: Yadda Ake Sayen Hoton Ganye Mai Firam

Hoton ganye na farko da na saya na ganyen ayaba ne, rana ta hasko shi ta baya, jijiyoyinsa sun jeru reras kamar da rula aka ja su. A waya na gan shi, rataye a wani falo mai kyau da mai sayarwa ya nuna, ban yi wata-wata ba na biya. Ya iso lafiya lau, na kafa ƙusa a bangon da ke kallon taga na rataye. Ba a rufa shekara biyu ba wani baƙo ya tsaya gabansa ya ce, "Wai wace bishiya ce wannan mai shuɗin ganye?" Ni da nake ganinsa kullum ban lura ba. Da na ciro shi daga firam, sai ga ɗan siririn gefen da kwali ya rufe yana nan kore shar, sauran kuwa ya koɗe ya koma shuɗi-shuɗi kamar rigar da ta sha wanki.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yawancin injinan bugu ba su da tawadar kore. Rawaya ake ɗorawa kan shuɗi mai haske, ido ya haɗa su ya ga kore. A tawada mai araha kuwa, rawaya da ja su suke fara mutuwa a haske, shuɗi ya fi su taurin rai. Shi ya sa fastar da ta daɗe a jikin taga takan koma shuɗiya. Hoton dutse ko na teku zai iya ɓoye wannan ciwo na ɗan lokaci, amma hoton ganye ba zai iya ba, domin koren nan shi ne jarinsa.

Abubuwa huɗu kake saya a ƙunshi ɗaya: hoton kansa, bugunsa, gilashi da kwalin da suka tsare shi, sai firam. Na farkon kaɗai mai sayarwa yake nuna maka da kyau. Sauran ukun sai ka tambaya, kuma su ne za su yanke ko shekara biyu zai yi maka ko ashirin.

Mataki na farko: fara da bango, ba da kasuwa ba

Kafin ka buɗe shafin kowa, zauna da bangon nan yini guda. Duba shi da hantsi, da tsakar rana, da yamma, da kuma dare bayan an kunna fitila. Idan akwai sa'ar da rana take sauka a kansa kai tsaye, ko da ta rabin awa ce, nemi wani bangon. Gidajen adana kayan tarihi suna riƙe ayyukan takarda a haske mai ƙarfin luks 50 ko kusa da haka (luks shi ne ma'aunin ƙarfin haske), hasken rana tsagwaronsa kuwa yana kai dubban gomomi, har zuwa dubu ɗari. Babu gilashin da zai cike wannan tazara.

Sannan tsaya inda aka fi zama a ɗakin, ka sa wani ya manna madubi ko wayar da aka kashe a inda hoton zai zauna. Abin da ka hango a ciki, taga ce ko ƙwan fitila, shi za ka riƙa gani a gilashin hotonka kullum.

Sai awo. Idan saman doguwar kujera ko gado za ka rataye, faɗin hoton ya kai kamar kashi biyu cikin uku na faɗin abin da ke ƙasansa. Kujera mai santimita 210 tana son abu mai faɗin 140 ko kusa. Zai iya zama hoto ɗaya babba, ko uku masu faɗin 40 da tazarar santimita 6 a tsakani, wanda ya ba ka 132. Kuskuren da aka fi yi shi ne sayen ƙarami, ya zauna a tsakiyar ƙaton bango kamar ƙuda a faranti. Maganinsa ba ya cin ko sisi: yanka tsohuwar jarida daidai girman da kake tunani, manna ta da salatif, ka bar ta kwana biyu kana wucewa kana kallo. Kusan kullum za ka ga ta yi kaɗan.

Mataki na biyu: wane irin ganye?

Hotunan ganye ba iri ɗaya ba ne, kuma kowane yana da ɗakin da yake so.

Akwai wanda aka ɗauka dab da dab, haske ta baya, ganyen ya cika hoton baki ɗaya har ya zama kamar taswirar koguna. Irin wannan yana son girma, kuma ba ya yafe bugu maras kyau, domin duk kyansa a siraran jijiyoyin nan yake. Akwai ganye ɗaya tilo a kan farin fage, wanda ya fi kowanne sauƙin zama da kayan ɗaki, kuma yana yin kyau a jere, biyu ko uku. Akwai ganyayyaki masu duhu a kan baƙin fage, irin su monstera, tsiron kudancin Meziko da ƙasashen Amurka ta Tsakiya mai ganye huje-huje. A fuskar waya babu mai kama su kyau. A bango kuwa, bayan gilashi na gama-gari, baƙin nan madubi yake zama, ka zo kallon ganye ka ga fuskarka. Idan shi ranka yake so, ka shirya kashe kuɗi a gilashi.

Sai ganyen kaka na ƙasashen sanyi, ja da rawaya da ruwan lemo. Rawayar dama tana cikin ganyen, koren ne ya rufe ta, sai da bishiya ta janye korenta sannan ta bayyana. Jan kuwa sabo ne, a lokacin ake ƙera shi. Masu gyaran hoto suna yawan zuba wa irin waɗannan kala fiye da kima. Idan jan ya zama fili guda sumul, ba ka ganin jijiya ko tabo a cikinsa, an ƙona shi a kwamfuta, kuma a takarda zai fi haka muni.

Ni dai in an bar ni da zaɓina, baƙi-da-fari nake kaiwa ɗakin da haske ya yi yawa. Baƙar tawada ta gawayi tana cikin mafi juriya, kuma idan aka cire kala, siffar ganye ce take magana. Ba sabon abu ba ne. Tun shekarun 1830 William Henry Fox Talbot a Ingila yake ɗora ganye kan takarda mai jin haske ya shanya a rana, siffar ta fito. A 1843 Anna Atkins ta fara fitar da hotunan tsirran teku farare a kan shuɗin fage, da hanyar sayanotaif da John Herschel ya ƙirƙiro a 1842, kuma aikinta ake ɗauka a matsayin littafi na farko da aka ƙawata da hotunan da haske ya ɗauka, ba zanen hannu ba. A Jamus kuma Karl Blossfeldt, malamin zane a Balin, ya haɗa kyamararsa da hannunsa, yana girmama toho da ganye har su zama kamar aikin maƙeri, littafinsa ya fito a 1928. Rabin abin da ake sayarwa yau da sunan sabon salo, jikokin waɗannan ne.

Yanzu ga wata sabuwar matsala. Kasuwa ta cika da hotunan da ƙirƙirarriyar basira ta zana, ana sayar da su da sunan hoton kyamara. Idan ka san haka ne kuma kana so, ba laifi. Amma in hoton gaske kake nema, ganye da kansa zai ba ka shaida, domin ganye yana da doka. Jijiyoyin ganyen masara, gora da ciyawa a jere suke tafiya, ba sa haɗa raga. Na mangwaro da gwanda suna fita daga babbar jijiya su rarrabu su zama raga. Na ginko, bishiyar Sin mai ganye kamar mafici, kowace jijiya rabuwa biyu take yi, ta sake rabuwa biyu. Hujojin monstera tsakanin jijiyoyin gefe suke, ba sa yanke ta tsakiya. Girmama hoton ka bi jijiya ɗaya da ido tun daga tushe. Idan ta ɓace a hanya, ko ta narke cikin ganyen maƙwabci, ko ka ga ganye yana shawagi babu karan da ya riƙe shi, to ka gane. Duba raɓa ma: a hoton gaske ɗigon ba girmansu ɗaya ba, kuma ƙyallinsu duk gefe ɗaya yake kallo, tunda rana ɗaya ce. Ganyen gaske bai cika rasa cizon ƙwaro ko bushewar baki ba. Wannan aibin ni shi nake nema, shi ne yake hana hoto gundurar mutum bayan wata shida.

Mataki na uku: bugu, inda ake cin kasuwar mutane

Nan ne wurin da ya kamata ka daɗe.

Fara da tawada. Iri biyu ce. Akwai ta rini, wadda kalarta narkakkiya ce a ruwa. Tana da haske da araha, kuma ita ta mayar da ayabata shuɗiya. Akwai ta gari, wadda masu bugu ke kira figment, ƙananan ƙwayoyin kala ne da suke zama a fuskar takarda, kuma sun fi jure haske nesa ba kusa ba. Za ka riƙa cin karo da kalmar giclée, ana furta ta jikile. A farkon shekarun 1990 aka ƙirƙiro ta a Amurka don a bambanta bugun fasaha da na ofis. Babu hukumar da take tsaron wannan kalma, kowa yana iya liƙa ta a kayansa. Saboda haka kada ka tsaya a kanta. Tambayi sunan tawadar da sunan takardar. Mai aikin kirki zai faɗa maka nan take, har da alfahari. Wanda ya ce maka "mai inganci ce sosai" ya yi shiru, ya riga ya ba ka amsa.

Akwai kuma wankin hoto na asali, inda ake haska takarda mai jin haske a wanke ta da sinadarai, irin takardar Crystal Archive ta Fujifilm. Yana ba da kala mai laushi, babu ɗigo-ɗigo, kuma ya fi tawadar rini mai araha daɗewa. Amma shi ma rini ne a cikinsa, a gaban haske figment mai kyau ya fi shi daɗewa.

Idan aka ce maka bugu zai yi shekara ɗari, ka san daga ina lissafin ya fito. Cibiyoyin gwaji irin su Wilhelm Imaging Research a Amurka suna gasa hoto da haske mai ƙarfi, sannan su lissafa shekarun da zai yi a ɗaki mai luks 450 na awa 12 a yini. Lissafin ɗaki ne mai matsakaicin haske, ba na bangon da rana take duka ba.

Sai takarda. Nauyinta da giram ake faɗa a kowace murabba'in mita. Takardar ofis 80 ce. Sananniyar takardar auduga ta Hahnemühle mai suna Photo Rag 308 ce. Duk abin da ya gaza 200, in ya yi girma, yakan yi tudu da kwari a cikin firam da zarar ya sha danshi. Takardar auduga maras sheƙi tana dacewa da ganye kan farin fage da kaloli masu taushi, amma baƙinta ba ya nutsewa sosai. Ganye mai duhu, ko jiƙaƙƙe da ruwan sama, ya fi son takarda mai ɗan sheƙi, irin wadda ake kira barita. Ka kuma yi hattara da takarda mai farin da yake kashe ido. Sau da yawa sinadarin ƙara fari aka sa mata, irin na sabulun wanki, kuma yana gajiya da shekaru, takardar ta koma ruwan madara.

Kanbas, wato bugu a kan yadi, fa? Ga hoton daji daga nesa ba laifi. Ga ganyen da aka ɗauka dab da dab ban ba ka shawara ba, saƙar yadin tana cinye siraran jijiyoyi. Bugu a kan farantin alminiyam yana fito da kore da ƙarfi, ba ya buƙatar gilashi, kuma danshi ba ya damunsa, amma rini ne aka gasa a jikinsa, don haka shi ma a raba shi da rana.

Abu na gaba lissafi ne kaɗan. Bugu mai kaifi yana son fiksel, wato ƙananan ɗigon da suka haɗa hoto, 300 a kowane inci. Kyamara mai megafiksel 24 tana ba da fiksel 6000 a tsawo da 4000 a faɗi, wato santimita 51 da 34 ke nan a wannan ma'auni. Za a iya ninka girman, a sauko zuwa 150 a inci, ya yi kyau ga wanda yake kallo daga kujera. Ƙasa da haka sai dishi-dishi ya fara. Matsalar ita ce hoton ganye yana kiran mutum ya matso, ba kamar hoton tsauni ba. Don haka in za ka sayi mai tsawon mita, roƙi a turo maka wani ɗan yanki nasa a cikakken girmansa. Duba bakin ganyen: in ka ga wani farin zare yana bin gefensa, an matsa masa kaifin ƙarya. Duba fagen baya da ya narke: ya kamata kala ta sauya a hankali, ba hawa-hawa kamar matakala ba.

Kuma ka sa a ranka cewa fuskar waya fitila ce, takarda kuwa aron haske take yi. Koren nan mai walƙiya da kake gani a waya, wani daga cikinsa tawada ba ta iya kai wa gare shi. Rage hasken wayarka zuwa rabi ka sake kallo. Abin da zai zo ya fi kusa da wannan.

Mataki na huɗu: kwalin gefe, gilashi da firam

Farin kwalin nan da yake kewaye hoto, wanda masu firam ke kira mat, mutane suna ɗauka ado ne kawai. Babban aikinsa shi ne ya hana hoto taɓa gilashi. In suka haɗu, danshi ya shiga tsakani, hoton yakan manne, ranar da ka zo ɓamɓarewa fuskarsa ta bi gilashi. Idan ba ka son kwali, sai a sa siraran sanduna a ɓoye a cikin bakin firam su ba da wannan tazara.

Kwalin ya zama maras asid. Na araha daga niƙaƙƙen itace ake yinsa, da shekaru yakan saki asid ya ƙona hoton, ya bar masa layi ruwan ƙasa a kewaye. Ga yadda za ka gane: dubi yankan bakin tagar kwalin, inda aka yanka a karkace. In fari ne tas, da alama mai kyau ne. In ya yi ruwan ƙasa-ƙasa, ka san irinsa. Ɗan togaciya ga wanda ya sayi sayanotaif na gaske, wanda aka yi da hannu: shi kwalin da aka ƙara wa alli don kashe asid yana cutar da shuɗinsa, sai ka gaya wa mai firam ya nemo wanda ba a ƙara wa komai ba.

Tambayi yadda aka riƙe hoton a ciki. Hanya mai kyau ita ce a rataye shi daga sama da 'yan ƙananan maƙalai na takarda, ko a zura kusurwoyinsa a aljihunan kwana, ya samu wurin miƙewa da takurewa. Gam ko salatif na gama-gari suna barin tabon da ba ya fita. Manne hoton gaba ɗaya a allo yana hana shi lanƙwasa, kuma ga hoton ado babba wannan daidai ne, amma ba a komawa baya, don haka ba a yi wa hoto mai daraja.

Gilashi na gama-gari yana mayar da kusan kashi 8 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kansa, kuma ba ya tare ko rabin hasken UV, wato ɓangaren haske da ido ba ya gani amma yake koɗar da kala. Akwai mai tare kashi 99 na UV. Akwai wanda aka shafa wa abin hana ƙyalli, yana mayar da ƙasa da kashi 1, har ka kai hannu ka taɓa don ka tabbatar akwai gilashi. Museum Glass na kamfanin Tru Vue ya haɗa biyun. Yana da tsada, kuma ba kowane hoto ya cancance shi ba, amma ga ganye kan baƙin fage shi ne bambancin hoto da madubi. Kada ka rikita shi da gilashin da aka kankare fuskarsa ya yi hazo-hazo. Wannan yana kashe ƙyalli, amma yana kashe kaifin hoton tare, musamman in akwai kwali a tsakani. Ga jijiyoyin ganye, asara ce.

Akirilik, wato gilashin roba, nauyinsa kamar rabin na gilashi ne, ba ya tarwatsewa, shi ya sa masu aikowa daga nesa suka fi son sa. Ya dace da ɗakin yara da saman gado. Aibinsa saurin karcewa da jan ƙura. Ka tabbatar mai kauri ne, ba 'yar ledar nan da take lanƙwasa hasken fitila ba.

Firam kansa ba sai an daɗe a kansa ba. Katako na gaske ko alminiyam sun fi garin katako da aka matse aka naɗe da leda, wanda yake kumbura in ya ji danshi. Siriri baƙi, fari, ko katako mai launinsa na asali, duk suna tafiya da ganye. Mai ado da ruwan zinariya yana gasa da hoton, kuma shi yake cinyewa. Dubi kusurwa huɗun: su haɗu ƙam, babu ƙofar da farce zai shiga.

Mataki na biyar: kafin ka biya

Nemi awo uku, ba ɗaya ba: girman hoton da ido zai gani, girman cikin firam, da girman wajensa. "50 da 70" sau da yawa cikin firam ake nufi, hoton kansa yana iya zama 30 da 40, sauran duk kwali. Ka kuma kula da siffa. Yawancin kyamarori suna ɗauka a ma'aunin 3 da 2, wanda ya dace da 40 da 60. In aka tura shi cikin 40 da 50, kashi ɗaya cikin shida na tsawonsa ya tafi, kuma sau da yawa tsinin ganyen ne ake yankewa. Falon da kake gani a talla kuwa yawanci haɗi ne na kwamfuta, an liƙa hoton a bango da girman da aka ga dama. Ana yi wa rogo kallon kitse a nan. Nemi hoton kayan na gaske a hannun mutum, gaba da baya.

Tambayi wanda ya ɗauki hoton, wane tsiro ne, a ina. Mai ɗaukar hoto na gaske zai ba ka labari har ka gaji. In an rubuta 12/50 a ƙasa da fensir, ana nufin na goma sha biyu cikin hamsin da za a buga. Tambaya ko hamsin ɗin na wannan girman ne kaɗai, domin wasu suna sake buɗe wani hamsin a wani girman. Sayen bugu kuma ba sayen haƙƙin mallaka ba ne: naka ne ka rataye, ka kyautar, ka sayar, amma ba ka sake bugawa ba.

Akwai wata hanya ga mai haƙuri. Ayyukan Atkins sun daɗe da fita daga haƙƙin mallaka, ta rasu tun 1871, kuma ɗakin karatu na jama'a na birnin New York da gidan tarihi na Rijksmuseum a Amsterdam sun sa hotunanta a intanet kyauta da girma mai kyau. Ka sauke, ka kai wa mai bugu da figment, ka kai wa mai firam. Ta haka kowane ɗaya cikin abubuwa huɗun nan kai ka zaɓa da idonka.

Kada ka biya sai ka karanta sharaɗin mayarwa: kwana nawa, wa zai biya kuɗin komawa, kuma wa ke da asara in gilashi ya fashe a hanya.

Mataki na shida: ranar da ya iso

Girgiza kwalin a hankali kafin ka buɗe. In ka ji ƙarar tsakuwa, gilashi ya tafi, ɗauki hoton kwalin a rufe tukuna. Buɗe kana ɗaukar bidiyo. Kai shi kusa da taga ka karkata shi, haske ya bi fuskarsa ta gefe. A haka ne tudu da kwari, karce, da ƙurar da aka rufe a ƙarƙashin gilashi suke fitowa. Juya bayansa: a rufe yake ruf, ko akwai ƙofar da ƙura da ƙwari za su shiga? Maratayin fa? 'Yar ƙarfen nan mai haƙoran zarto ta ƙaramin firam ce. Babba yana son zobba biyu da aka ɗaure da sukuru a jikin katako. Ajiye kwalin har kwanakin mayarwa su wuce.

Mataki na bakwai: ratayewa

Kusan kowa sama yake kaiwa. Tsakiyar hoto ta zauna kamar santimita 145 zuwa 150 daga ƙasa, daidai idon mai tsayuwa. A saman kujera, bar tazarar 15 zuwa 25 tsakanin bayanta da ƙasan firam.

Ga lissafin ƙusa. A ce tsayin firam 70 ne, rabinsa 35. Ja wayar bayansa sama da yatsa kamar tana rataye, auna daga nan zuwa saman firam, a ce 8. To 145 a tara da 35 a cire 8, ƙusarka a 172 take. In zobba biyu ne babu waya, ɗiga man goge baki a kan kowane, daidaita firam ɗin ka danna shi a bango, tabon da ya bari nan za ka huda. Maƙali biyu sun fi ɗaya, hoton ba zai riƙa karkacewa duk lokacin da aka buga ƙofa ba. Bangon bulo ko kankare yana son injin huji da 'yar robar da ake cusawa kafin sukuru. Bangon allo mai rami a ciki yana son maƙalinsa na musamman, ko ka nemi inda sandar ciki take. Kada ka huda daidai saman soket ko makunnin fitila, nan wayar wuta take bi. Maƙalai masu gam suna da iyakar nauyi a rubuce a jikinsu, kuma ƙarfinsu ƙarfin fentin da suka kama ne.

Manna 'yan ƙananan robobi biyu a kusurwoyin ƙasa ta baya, iska ta riƙa wucewa tsakanin firam da bango. Raba shi da bangon da yake tsatsafo, da banɗaki, da wurin girki, da ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki. Takarda ta fi jin daɗi a danshin kashi 40 zuwa 55, in ya haura 65 ya zauna, fumfuna ta samu gida.

Fitilar dare ma tana canza ganye. Ƙwai mai ɗumin haske, 2700 a ma'aunin Kelbin, yana jan kore zuwa ruwan ƙasa. Mai 3500 zuwa 4000 ya fi barinsa yadda yake. Nemi LED mai lambar CRI, wato ma'aunin yadda fitila take nuna kala yadda take, 90 ko sama, a rubuce take a kwalin. In fitila ta musamman za ka sa masa, ta sauko daga sama a karkace kamar digiri 30, ƙyallin sai ya faɗi ƙasa maimakon idonka.

Wajen gogewa, fesa ruwan a tsumma mai laushi, ba a gilashi ba, don yakan gangara ya shige ƙarƙashin firam kwali ya tsotse. Akirilik kuma kada ka kai masa ruwan goge taga, tsumma mai ɗan laima ya isa. Sau ɗaya a shekara sauke shi, buɗe bayan, ɗaga kwalin gefe kaɗan ka gwada koren da ke ɓoye da wanda ke fili. In na ɓoyen ya fara fin na filin kore, canza masa bango a ranar.